Shawarwari kan ƙungiyar kula da daji a Zariya

A zaman da manoma da masu gawayi suka yi a Zariya, an yarda cewa kame kaɗai bai hana saran daji ba. Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a yi wa ƙungiyar gama kai rajista da sanin hakimi, a raba dajin kashi-kashi, ana saran wannan, wancan yana hutawa.

Ɗorawa da kaɗanya kuwa kada a taɓa su, don kuɗin daddawa da man kaɗe duk shekara yake shigowa. Wani dattijo ya kawo misalin Maraɗi, inda tun shekarun 1980 manoma ke barin tohon kututture ya zama bishiya.

Kuɗin ƙungiya dai a kai banki, da sa hannun mutum uku. A kan kuɗi aka fi ɓatawa. Batun dashe, a tuntuɓi masu binciken daji na Samaru.