Jirgina ƙirar 1979 ne: inji zan fara gyarawa ko dabe?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina da jirgin ruwa mai filafilai, wato mai tafiya da iska, na faiba, ƙirar 1979, tsawonsa ƙafa 32. Ba a kasuwa na saye shi ba. Na malamina ne, wanda ya koya mini tuƙi tun ban iya ɗaure igiya ba. Shekara bakwai ina bin sa a jirgin nan. A cikinsa na fara kwana a teku, a cikinsa ya koya mini bin taswirar takarda da fensir. Da Allah ya yi masa rasuwa, iyalinsa ta ce ba ta so jirgin ya faɗa hannun baƙo, ta sallama mini a kan abin da na iya biya. Har yau littafin tafiye-tafiyensa yana cikin durowa da rubutun hannunsa. Shekara uku jirgin yana ɗaure lokacin jinyarsa.

Nan da wata huɗu nake son yin tafiyar kwana biyar a buɗaɗɗen teku da maiɗakina da ɗanmu mai shekara 11. Na riga na sa batiran litiyom da sola biyu da sabuwar na'urar taswira da AIS, na'urar da ke nuna jiragen da ke kusa. Abin da ya rage a hannuna aiki ɗaya zai ɗauka. Injin Volvo Penta ne mai silinda biyu, yana farin hayaƙi, sau biyu kuma yana mutuwa ina shiga tasha. Sannan akwai wani wuri a daben sama, ta hagu, da ke lotsawa in na taka, ruwa kuma yana ɗiga cikin kabad ɗin ƙasansa. Bakanike ya ce a sauke inji. Da wanne zan fara?

Tsohon Matuƙi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan malaminka. Amma ɗana, ka ba mu tarihi ka bar abin da ake bukata. Wurin da ke lotsawa, kusa yake da inda wayoyin ƙarfen da ke riƙe jigo, wato doguwar sandar filafilai, suke kama jikin jirgi? Wayoyin kuma yaushe rabon da a canza su?

Baban Sadik:
Amin Baba, na gode. E, kusa da nan ne, bai fi taƙi ɗaya ba. Wayoyin ban san shekarunsu ba, amma suna sheƙi, babu tsatsa. Malam mutum ne mai kula da kayansa.

Tsohon Matuƙi:
To ka manta da inji tukuna. Sheƙi ba shaida ba ne. Ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, iska ce ke tsare shi. Inda ya shige cikin dabe, babu iska, ga ruwan gishiri kwance, a nan yake cinyewa a ɓoye, sama da ƙasa kuma yana ƙyalli. Wannan farantin ƙarfen da wayar gefe take kamawa shi ke riƙe da jigonka, kuma ta jikinsa ruwan yake bi yana sauka cikin kabad. Jiragen wancan zamani, da yawansu an yi dabensu ne da faiba sama da ƙasa, aka sa katakon balsa a tsakiya. Ruwa ya shiga, balsa ya ruɓe, shi ya sa yake lotsawa. Ka samu ƙaramar guduma ta roba ka bi daben kana ƙwanƙwasawa. Inda ke da lafiya zai yi ƙara garau, inda ya ruɓe za ka ji dum-dum. Ka zagaye wurin da alli. Sai ka buɗe kabad ka duba katakon da aka ɗaure farantin a jikinsa. In ya yi baƙi, ko sukudireba tana nutsewa, matsalar ta wuce dabe.

Ka zare farantan duka, a wanke, a fesa musu jan ruwan nan mai tona tsaga. Wayoyi kuwa, shekara 10 zuwa 15 ake ba su, kamfanonin inshora da yawa ma a kan 10 suke tsayawa. Wayar da ba ka san shekarunta ba tsohuwa ce. Inji in ya mutu kana da filafilai. Jigo in ya faɗi da dare, da yaro a ciki, me kake da shi?

Mai Sifana:
Baba, da girmanka, amma ban yarda a manta da inji ba. Nawa ya mutu a bakin tasha, iska tana tura ni kan duwatsu, anka, ƙarfen da ake jefawa ruwa a tsayar da jirgi, ita ce ta cece ni. Kuma wataƙila gyaran nasa ba mai yawa ba ne. Jirgin da ya zauna shekara uku, ruwa yana taruwa a gindin tankin mai, wani baƙin yauƙi ya tsiro, in igiyar ruwa ta girgiza shi sai ya toshe filta. Ka canza filta, ka wanke tanki. Farin hayaƙin ma zai iya zama tururi: ka duba robar famfon ruwan sanyaya inji, da gwiwar salansa inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi, tana toshewa. Ni haka wani bakanike ya sauke mini inji, ya riƙe shi wata biyar, ya dawo da shi da ɓatattun notuna, ashe gwiwar ce kawai. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Kada ka bari a sauke kafin a gwada ƙarfin matsin silinda.

Maman Ilham:
Ni dai maganar “a zare a duba” ita ce take ba ni tsoro. Haka maigidana ya ce zai zare faranti ɗaya. Daga faranti aka koma dabe, daga dabe aka koma tagogi, aka kwashe kujeru, aka cire wayoyin lantarki. Shekara shida ke nan jirgin yana kan tudu, yaran da aka saya dominsu sun girma sun watse. Baban Sadik, ka tambayi maiɗakinka ko ita tana son tafiyar nan, ko kai take bi. Ni ba wanda ya tambaye ni.

Baban Sadik:
Hajiya, ita ce ma take ƙirga kwanaki. Baba, na ji bayaninka. Kada kuma a ce na ɓata kuɗi a kan litiyom, ba ado na saya ba. Tsofaffin batiran ba sa kai asuba, fitilun tafiya suna dushewa, wannan ma ai haɗari ne. Kuma na fita da jirgin sau tara a bana, har cikin iska mai ƙarfi, jigo bai ko motsa ba. Ina tunanin in toshe ɗigar da gam daga sama, in bar zarewar sai mun dawo.

Tsohon Matuƙi:
Gam daga sama rufe gyambo ne da ƙyalle. Ruwan da ke ciki yana nan yana aikinsa. Farantin nan ba ya gargaɗi, rana ɗaya yake ɓallewa. Fita tara da rana kusa da gaɓa daban, kwana biyar jigo yana fizga dare da rana daban. Kuma tunda ka ambaci litiyom, me ka sa tsakaninsa da altaneta, mai cajin batir daga inji? Yana zuƙar wuta fiye da batirin dalma, yana iya ƙona ƙaramar altanetar tsohon inji. Ban ma zo kan bawul-bawul na ƙarƙashin ruwa ba, waɗanda ke rufe ramukan shiga da fitar ruwa a gindin jirgi. Ka kankare kowanne da wuƙa. In ka ga ja-ja, zinkin cikin tagullar ya zube, bugu ɗaya zai karye. Kowanne a ɗaure masa turken katako a kusa don toshe ramin in ya karye, kowane tiyo kilif biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ɗaga tafiyar zuwa baɗi.

Ɗan Teku:
Ko ka sa igiyar Dyneema, wata igiyar roba mai ƙarfi, maimakon waya, kai da kanka za ka iya saƙa bakinta, ga rashin nauyi.

Tsohon Matuƙi:
Igiyar a jikin me za ta kama? Ba farantin nan ba?

Mai Sifana:
Baba, ba kowa ke da halin yin komai a lokaci ɗaya ba. Ya zare na hagun kawai, in lafiya lau ne ya mayar.

Baban Sadik:
Na buɗe kabad ɗin yanzu da tocila. Katakon ya ɗan yi duhu a kewayen noti biyu, akwai kuma wani jan zane da ya gangaro daga sama, amma na danna da yatsa, da tauri. Ɗaga tafiyar zai yi wuya, na yi wa Malam alkawari a asibiti cewa zan kai jirgin inda ya so zuwa bai samu ba, hutun yaron kuma lokacin ne kaɗai. Gobe zan fara da filta kamar yadda Mai Sifana ya ce. Farantin, ana iya zare ɗaya jigo yana tsaye, ko dole sai an sauke shi?

Maman Ilham:
Allah ya sa ɗaya ɗin ne. Mu ma da ɗaya muka fara.