Budurcin da Aka Ɓoye a Rumbu

'Yar Gwoza, daga Rigasa:
Salamu alaikum. Amsa-amonmu na yau "wa" ne. Na daɗe ina riƙe da waɗannan baitocin.

A Agustan 2014 Boko Haram suka ci Gwoza,
Ina shekara 13, gab da zama budurwa.
Suka kafa baƙar tuta, suka ce Darul Hikma,
Gida-gida suke bi, 'yan mata suke ƙirgawa.
Mama ta ga ƙirjina, ta yaga tsohon zani,
Ta ɗaure shi tamau, numfashi da ƙyar yake fitowa.
Ta aske min kitso, ta shafe ni da toka,
Ta ce da mai bindiga: "Ƙwaila ce, dubi ramewa."
Ranar da na fara ganin jini ina cikin rumbu,
Ba wanda na faɗa wa sai zangarniyar dawa.

Kawu, daga Kawo:
'Yata, mu a rediyo muka riƙa jin labarinku,
Tun kisan Sarkin Gwoza Idrissa Timta muka san abin da ke zuwa.
Muna teburin mai shayi muna ta Allah wadai,
Ke kina rumbu kina haɗiye kuka da yunwa.
Yau na karanta ki da kofi a hannuna,
Wallahi shayin ya ƙi wucewa.

Yaya Malama, daga Unguwar Rimi:
Ƙanwata, mu a Mubi makonni suka yi mana,
Suka ce Madinatul Islam, muka bi daji da ƙafa ba waiwayawa.
Ku kusan wata 8! Da soja suka shigo ran 27 ga Maris 2015,
Me kika fara yi? Ina son ji, in babu damuwa.

'Yar Gwoza:
Yaya, zanin na kwance, na ja iska har ciki,
Mama ta tsaya kallona kamar ta ga baƙuwa.
Shatin ɗaurin yana nan ƙasan hammatata,
Kullum in zan yi wanka sai mun gaisa da tunawa.
Ƙawata kuwa gidansu babu rumbu,
Sambisa aka yi da ita, har yau ba ta da dawowa.

Goggo, daga Tudun Wada:
Allah Ya bayyana ta, 'yar nan, Ya sanyaya zuciyar uwarta.
Ni baiti ba gwanata ba ne, amma na iya kwaɓawa:
Na sayo lalle a Kasuwar Bacci, ki zo ranar Juma'a,
In yi miki kitso da ƙunshin da kika rasa kina tasowa.

'Yar Gwoza:
Zan zo, Goggo, amma tare da Mama,
Hannun da ya shafa min toka za ki fara ƙunsawa.