Na goge syslog amma wurin bai dawo ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da sabar Ubuntu ta wani ƙaramin ofis a nan Yamai. Jiya da la'asar aiki ya tsaya cak. Na buga umarnin df -h don in ga wurin da ya rage, sai ga faifan ya cika maƙil. Ashe /var/log/syslog, fayil ɗin da na'urar ke ajiye rahoton ayyukanta, shi ne ya kumbura, layi ɗaya yake ta maimaitawa tun daren da aka ɗauke wuta.

Cikin gaggawa na goge shi da rm, amma wurin bai dawo ba, kamar rsyslog, manhajar da ke rubutu a cikin fayil ɗin, na riƙe da shi. Ina tsoron kashe na'urar, lissafin albashin ma'aikata na ciki. Don Allah, sake tayar da rsyslog kaɗai zai wadatar? Kuma me ya hana logrotate, mai hana irin wannan fayil kumbura, aikinsa?