Wuya ya bugu, hannu ke zugi: ina za a dosa?

Ɗan Tudun Jukun: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Sati 3 ke nan wata mota ta tunkuɗo mashin ɗinmu ta baya wajen Kwangila a nan Zariya. Ban karye ba, na tashi na karkaɗe riga na wuce gida. Washegari wuya ya ƙage. Yanzu wuyan da sauƙi, amma zugi ya sauko kafaɗar dama har babban yatsa da manuni, kamar ana tsira min allura. Ga jiri, ga ciwon ƙeya, wani lokacin kunne ya riƙa ƙara. An ɗauki hoton ƙashi an ce ba karaya. A gida har an fara cewa ko jifa ne, tunda hannun bai taɓa ƙasa ba.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Subhanallah, sannu ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Anti Nas, ki leƙo don Allah.

Baba Direba: Sannu yaro. Akwai masu ɗori a cikin birni da suka gaji abin, su ja wuyan su gyara maka shi. Mu da su muka saba.

Anti Nas: Baba, a gafarce ni, wuya ba a kai shi ɗori. Ƙanena, abin da ka faɗa ba baƙo ba ne a asibiti. Ƙasusuwan wuya 7 ne, kuma ta tsakaninsu jijiyoyin da ke aiki da hannu suke fitowa. In faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ya turo, ko wurin ya kumbura, sai ya danne jijiya. Dannewar a wuya take, amma a hannu za ka ji ta. Har yatsan da ke ciwo yana nuna wa likita inda matsalar take: babban yatsa da manuni galibi jijiya ta 6 ce, na tsakiya ta 7, ƙaramin yatsa ta 8. Jirin da ciwon ƙeyar ma suna bin irin wannan fizgar wuya, kuma sau da yawa sai an kwana suke bayyana. Hoton da aka yi maka ƙashi kawai yake nunawa da kyau. Jijiya da faifai sai hoton MRI, wato hoton na'urar da ke nuna har tsoka da jijiya, in likita ya ga akwai buƙata.

Malamin Kongo: Maganar Anti ke nan. Baba, ni ganau ne. Yayana ya faɗo daga kan tsani, aka kai shi wani wuri aka murɗa masa wuya. Da ƙafarsa ya shiga, sai da aka riƙe shi ya fito. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don ni na raka shi.

Baba Direba: Innalillahi. To na janye, Malam. Allah ya ba shi lafiya.

Ɗan Tudun Jukun: Amin. Anti, to wane asibiti zan je? Kuma ina shan diklofenak safe da yamma daga kemis, shi ke sa in yi barci.

Anti Nas: Ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ka nemi ganin likitan ƙashi ko na ƙwaƙwalwa da laka. Ka tafi da hoton farko. In ya fi maka sauƙi ka fara da Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan, su duba ka su ba ka takardar turawa. Diklofenak kuwa, sati 3 a jere ba bisa umarnin likita ba ya yi yawa. Yana cin ciki, yana taɓa ƙoda, balle ga mai olsa ko hawan jini. Ka gaya wa likita adadin da ka sha. Kada kuma wani ya miƙo maka tiramadol ka karɓa.

Maman Sadiq: Ka yi sammako, Shika akwai layi. Maigidana ya yi irin naka, nasa hannun hagu. Ba a yi masa aiki ba, ɓangaren gashin ƙashi aka tura shi, suka koya masa motsa wuya a hankali, suka ce ya rage tudun filo ya daina duƙufa a kan waya. Wajen wata 2 ya koma kasuwa. Abin wuyan nan na soso ma kwana kaɗan suka bar shi ya sa, wai in an daɗe da shi naman wuya sanyi yake yi.

Malamin Kongo: In an yi maganar aiki kana son jin ta bakin wani likitan, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Addu'a da tofi kuma a ci gaba, ba su hana zuwa asibiti.

Anti Nas: Mafi yawa ba sa kaiwa ga aiki, cikin makonni jijiyar ke lafawa. Amma ka riƙe wannan, kowa ma ya riƙe: in abu ya fara suɓucewa daga hannunka, ko sa maɓallin riga ya gagara, ko ƙafa ta riƙa harɗewa, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa ko suka ƙi fita, to laka ce ake dannewa. Ko tsakar dare ne a tafi ɓangaren gaggawa. Haka in ciwon kai ya tsananta da amai ko gani ya dushe. Ciwon hannun hagu da nauyin ƙirji da zufa kuma, a fara tunanin zuciya.

Ɗan Tudun Jukun: Anti, jiya kofin shayi ya faɗi daga hannuna, na ɗauka santsi ne.

Anti Nas: To kada ka jira Litinin. Yau za ka je, kuma ba a kan mashin ba.

Baba Direba: Ina Ƙofar Doka yanzu, motar ba kowa. Turo min kwatancen gidanku ta gefe, ka ɗauko hoton ka jira ni a ƙofa.