Mu sake zuba kifi a tabkinmu bana, ko mu dakata?

Ɗan Ader ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ne magatakardan ƙungiyar masuntan ƙauyenmu, arewa da Tawa, kusa da hanyar da ta nufi Tabalak. Tabkinmu bai kai na Tabalak girma ba, amma in damina ta yi albarka yana riƙe ruwa har bazara. Bara waccan muka yi karo-karo, muka ɗauko 'ya'yan karfasa da tarwaɗa cikin manyan robobi muka zuba. A gaban sarkin ruwa aka yi alkawari cewa babu mai jefa koma sai bayan wata shida.

Ba a cika wata uku ba, wata safiya na bi ta bakin ruwa na tarar da tabarmi biyu an shanya kifi a kansu, ko wane bai wuce ɗan yatsana ba. Da sange aka kwashe su cikin dare, sangen nan na sauro da ake rabawa don yara. Wallahi na daɗe a tsaye ban iya cewa komai ba. Ranar da aka buɗe kamun kifi, abin da muka samu bai mayar da kuɗin mota ba.

Yanzu asusu ya sake taruwa. Wasu sun ce a zuba, a haɗa da giwan ruwa tunda shi ke da kuɗi a kasuwa. Ɗan 'yar'uwata da ke Faransa kuma ya ce can ana zuba 'ya'yan kifin salmon a koguna duk shekara, ƙungiyoyin masu fatsa na taimakawa, mu ma kada mu gaji. Don Allah masu sani, me kuka gani?

Malamin Kifi, daga Yamai:

Wa alaikumus salam Malam. Abin da yaron ya faɗa gaskiya ne, sai dai rabin labarin ya ba ka. Salmon kifin ruwan sanyi ne. A cikin tsakuwar kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya bi ƙamshin ruwan da aka haife shi ya komo ya yi ƙwai. Wanda ke hawa kogin Luwar zuwa reshensa Aliye a Faransa yana cin kusan kilomita 900. Da kifin ya kusa ƙarewa, sai suka hana kama shi a wannan kogi tun 1994. Babban gidan ƙyanƙyasar salmon na garin Shantoj sai 2001 aka buɗe shi. Ka ga hani ya riga wannan babban gida. Kuma duk da haka kifin bai koma yawansa na da ba, saboda madatsun ruwa da ke tare masa hanya da ɗumamar ruwa.

A yankin Wales na Birtaniya ma, hukuma ta yanke shawara a 2014 ta daina zuba salmon na gidan ƙyanƙyasa, ta mai da ƙarfinta ga gyaran kogunan, don an gane wanda aka raina a kwami ba ya da juriyar na daji, kuma in sun haɗu yana raunana iri. Masu fatsan can kowa da katinsa na shekara, akwai watannin da ba a kamu, akwai masu gadi, a wurare da yawa ma in ka kama sai ka sake shi da rai.

Naku ya bambanta ta wuri ɗaya: tabkin da ke ƙafewa dole a kawo masa iri, in ban da gaiwa da ke binne kanta cikin laka ta jira ruwa. Saboda haka ban ce kada ku zuba ba. Amma karfasa ba ta buƙatar yawa. Namiji ke haƙa gurbi a bakin ruwa inda ba zurfi, mace ta ɗauki ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, kuma tana maimaitawa sau da yawa a shekara. Sange daidai wannan bakin ruwan yake shara, ya kwashe uwa da abin da ke bakinta. In kun kare gaɓa, kaɗan ɗin da kuka zuba zai cika tabki.

Tsohon Gamkalle:

Ɗana, giwan ruwa ka cire shi daga lissafi. Shekara arba'in ina su a kogin Kwara, na san cinsa. Kifi yake ci, kuma ruwa mai zurfi yake so. A ƙaramin tabki zai cinye karfasarku, in zafi ya zo ruwa ya ja baya shi ma ya mutu. Ko tafkin Biktoriya da girmansa, da aka kai shi a shekarun 1950 sai da ya gama da ƙananan kifaye iri-iri. Tarwaɗa ma tana cin ƙanana, kada ku yawaita ta, kuma kada ku zuba wadda ta fi karfasar girma.

Wajen ɗauko 'ya'yan kifin, ku hana su abinci kwana ɗaya, ku taso da asuba, kada ku cika roba. In kun iso kada a juye gaba ɗaya, a dinga ƙara ruwan tabkin kaɗan-kaɗan har su saba. Tarwaɗa tana shaƙar iska, tana jure tafiya. Karfasa ba ta jurewa.

Mu nan a 1985 da idona na ga kogi ya tsaya a Yamai, ana ratsa shi da ƙafa. Kifi ya komo da kansa da ruwa ya dawo. Abin da ke rage mana shi yanzu ƙananan idon koma ne da rairayi da ke cike gurabe.

Inna mai banda:

Baba ya yi gaskiya, amma bari in faɗi tamu. Mu mata mu ke sayen ƙananan nan, don su ne masu araha, kuma masu kwasarsu yara ne da magidantan da rumbunsu ya ƙare. Lokacin da kuka rufe tabki, lokacin ne hatsi ke tsada. Kun zauna da mu kafin ku yi alkawarin? In mata suka haɗa baki suka ce ba su sayen kifin da bai kai tafin hannu ba, mai sange ba shi da inda zai kai shi. Amma ku ma ku ware mana rabonmu ranar buɗewa, da farashin da aka sani, kada dillalan birni su zo da mota su kwashe muna kallo.

Ɗan Ader ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri. Inna, maganarki ta taɓa ni, don gaskiya ba mu kira ku ba, maza kaɗai muka zauna. Na karanta wa shugabanmu duk amsoshin nan da dare. Abin da za mu kai gaban taro ranar Juma'a: babu giwan ruwa, rabin kuɗin a sayi karfasa da tarwaɗa kaɗan, rabin a biya masu gadi biyu daga cikin samarin da muke zargi, tunda sun fi kowa sanin hanyoyin dare. Za mu nemi hakimi da ma'aikacin gandun daji su halarta, mata masu banda su zo da wakilansu. Malamin Kifi, wane faɗin ido ya kamata mu tsayar wa koma? Mu da yatsu muke aunawa, wasu na cewa uku, wasu huɗu.