Yaya sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka rayu a cikin ramuka?

Sagir: Assalamu alaikum. Ran nan ruwa ya shigo mana gida, na wuni a tsaye ina kwalfewa. Da na cire takalmi sai na ga ƙafata ta yi fari fat, ta yamutse, har ban jin yatsuna. Nan take na tuna wani hoton soja da na taɓa gani, taɓo har gwiwa, a ramukan Faransa. Ni wuni ɗaya ya gagare ni. Su daga 1914 zuwa 1918 yaya suka yi?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Sagir. Ba shekara huɗu mutum yake yi a ramin gaba ba. 'Yan kwanaki ne, sai a janye shi baya, wasu su karɓa. Amma kwanakin nan ma sun isa. Abin da ka gani a ƙafarka shi ne mafarin cutar da ta addabe su: ƙafa ta kumbura, ta mutu, ta ruɓe, wani sai an yanke. Shi ya sa a rundunar Ingila aka tilasta sauya safa da shafa maiƙo, hafsa na bi yana duba ƙafafu. Ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata. Da kyandir suke bin ɗinkin riga suna ƙona ƙwanta, kwana kaɗan ta dawo.

Binta: Malam, ni abin da ya fi taɓa ni waɗanda ƙarar igwa ta gigita ne. Namiji ƙato ya zauna yana karkarwa, ya kasa magana, a ce masa matsoraci. Sojoji 306 Birtaniya ta harbe bisa laifuka irin su gudu da ragwantaka, sai a 2006 aka yi musu afuwa.

Malam Habu: Wallahi haka ne, Malama. Kuma wanda aka ce ya fita daga ramin ya kai hari ya san abin da ke jiransa. Ranar 1 ga Yuli 1916, a yankin kogin Somme da ke arewacin Faransa, Birtaniya ta rasa sama da mutum 19,000 a wuni ɗaya.

Sagir: Innalillahi. Na gode, Malam. To wanda aka janye baya, hutu yake samu na gaske?

Malam Habu: Ina fa! Wanka dai da barci kaɗan. Dare na yi a sa shi dakon harsasai da katako zuwa ramin da ya baro.