Littattafan tarihin Fiziks: in shiga unguwar Yaba a Legas ko in sa a kawo min daga waje?

Malamin Agege: Assalamu alaikum. Ina koyar da Fiziks a wata sakandare nan Agege, Legas. Makon jiya wata ɗaliba 'yar SS2 ta tambaye ni, kafin Newton ya fitar da dokokinsa a 1687, me mutane suka ɗauka yana sa dutse faɗowa ƙasa? Na ce Aristotal, daga nan bakina ya mutu. Na ware dubu 40, ina son littafi biyu ko uku na tarihin fannin. Ba na jarabawa ba, kuma na takarda, don yaran su riƙa ara, rabinsu ba su da waya. In je Yaba in laluba na gwanjo, ko in tura wa ƙanina da ke Ingila ya ba mai zuwa? Wanda ya taɓa yi nake son ji daga bakinsa.

Ɗan Obalende: Wa alaikumus salam. Malam nemi New School Physics na Anyakoha, da shi muka ci WAEC.

Injiniya: Ka ajiye kuɗinka, komai yana intanet. Turo lambarka in zubo maka PDF.

Malamin Agege: Na gode, amma don Allah ku sake karanta tambayar.

Baban Mile 12: Malam, in ka ji tawa kada ka sayi littafin da ke naɗe a leda. Bara na tsaya wajen masu shimfiɗa littattafai a Ojuelegba, na ga na Richard Rhodes kan yadda aka ƙera bam ɗin nukiliya, mai shafi sama da 800. Sabo fil, dubu 9. Mai shi ya hana ni buɗewa, wai in na yaga ledar na saya. Sati uku ina karanta shi bayan isha'i, motocin tumatir na sauke kaya ina zaune kan buhu. Na wuce Rutherford da gano cibiyar atam a 1911, na wuce Chadwick da niyutiron a 1932. Daidai inda Hahn da Lise Meitner za su gane yuraniyam yana tsagewa, ƙarshen 1938, sai na ga na dawo babin da na gama tun makon farko. Shafi kusan 50 babu, an maimaita na baya. Ashe bugun sata ne. Na hau danfo cikin ruwan sama, gosulo ya ci min awa biyu, na isa mutumin ya dube ni ido cikin ido ya ce ɗan'uwansa ne ya sayar min, shi bai san maganar ba. Wallahi shi ne, har tabon da ke goshinsa.

Ɗan Obalende: Baba to bam ɗin dai an yi shi a ƙarshe, kada ka damu 😂

Baban Mile 12: Yaro, dubu tara ce.

Injiniya: Dubu 9 ai kai ma ka san ba na gaske ba ne. Na ga irinsa a wani shago a Ikeja, dubu 32.

Mai Shayin Yaba: Ni kusa da masu littattafan nake kasa tebur. Na gaske, tsoho, na ga an sayar dubu 5. Ku ke zuwa da kaftani mai sheƙi, dole a ɗora muku. Ka duba takardar, in rubutun baya yana lekowa ta gaba, ko hotunan sun yi baƙi ƙirin, aje shi. Tsohon da ke da hatimin laburaren Turawa ya fi sabo aminci.

Anti Akoka: Malam, kafin maganar wuri ka san abin da za ka nema, in ba haka ba za su miƙa maka A Brief History of Time na Hawking don sun ga kalmar tarihi a bango. Wannan kan sararin samaniya ne, ba zai amsa wa ɗalibarka ba. Nemi The Evolution of Physics na Einstein da Infeld, na 1938. Kusan babu lissafi a ciki, kuma da tambaya makusanciyar tata ya buɗe: Aristotal ya ce abu yana tsayawa da zarar an daina tura shi, Galileo ya nuna gogayya ce ke tsayar da shi. Sai biyu na Emilio Segrè, From Falling Bodies to Radio Waves da From X-rays to Quarks. Shi Segrè ɗalibin masanin Fiziks Enrico Fermi ne a Rum, ya ci Nobel a 1959, mutanen littafi na biyun da yawa ya san su ido da ido. Ni Yaba sau uku na zaga ban samu Segrè ba, daga waje aka kawo min.

Mai Shayin Yaba: Anti ba ki san wanda za ki tambaya ba ne.

Injiniya: Yanzu mai digiri na biyu za a saurara ko mai shayi?

Mai Shayin Yaba: Ita ta san cikin littafi, ni na san kuɗinsa. Kai PDF ka sani.

Ustazun Idi-Araba: Duk kun fara daga Turawa. Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya rubuta Kitabul Manazir a Misra shekara kusan 600 kafin Galileo, ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba. Jim Al-Khalili ya yi bayaninsa a Pathfinders. Da ina da shi da na ba ka, Malam, amma wani bawan Allah ya ara tun azumin bara.

Anti Akoka: Kai, kada ka tuna min. Segrè na farko yana hannun wata ƙawata, ta koma Kano da shi. Malam, ka ce yara za su riƙa ara? Ka shirya.

Baban Mile 12: Ni nawa mai shafin da babu ma an are shi ba a dawo da shi ba.

Ɗan Obalende: Wanda ya ɗauka zai zo da kansa in ya kai 1938.

Ustazun Idi-Araba: Wanda ya ari nawa yana cikin nan, yana karantawa. Ban kira suna ba.

Malamin Agege: To jama'a, Asabar ce kawai nake da ita. Yaba ko Ingila?

Injiniya: Ustaz, mai bangon kore ne? In shi ne ai na ɗauka kyauta ka ba ni.